Ƙanena ya dawo daga daji amma barci ya gagare shi, maganin intanet yana yi kuwa?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ƙanena ne aka tare su a hanya bara, ya yi kwana 43 a hannun 'yan bindiga kafin mu iya haɗa kuɗin fansa. Yau wata tara da dawowarsa. Jiki ya murmure, har kumatu ya yi, amma wallahi mutumin da muka sani bai dawo ba. Ba ya runtsawa sai an yi kiran assalatu. In ma barcin ya sace shi, sai ya farka jiƙe da gumi yana cewa a kashe fitila za su gan mu. Mashin biyu ko uku in suka wuce ƙofar gida tare, zumbur zai miƙe. Ranar nan matarsa ta hura ɗanyen itace a tsakar gida, da hayaƙin ya kai masa sai ya bar abinci ya fita, bai dawo ba sai magariba. Shagonsa yanzu yaro ne ke tsaro.

An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi sadaka. Mun ce a je asibitin ƙwaƙwalwa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma kada a sake ɗaga masa maganar. To ɗiyar yayarmu da ke karatu a Ingila ta ce sunan abin PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan bala'i, wai can har ta intanet ake maganinsa, mutum na ɗakinsa. Shi ne nake tambaya, da gaske ne ko cin kuɗi ne kawai?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina a ƙara haƙuri a dage da azkar. Wata tara ba wani lokaci ba ne ga wanda ya ga abin da ya gani. Kuma ban gane yadda waya za ta warkar da zuciya ba. Wayar nan ita ce ma ke ƙara wa mutane firgici da hotunan gawarwaki da ake turawa.

Ɗan Gusau:
Amin. Amma kafin a je ko'ina, sabis fa? Mu nan a watan Satumba na 2021 aka datse mana layukan waya gaba ɗaya, wasu garuruwan sai da suka yi watanni. Har Funtuwa mutane ke zuwa don su buga waya. A ce mutum na tsakiyar magani aka yi haka?

Dakta Bilki:
Maman Hanifa sannu da ƙoƙari. Ni masaniyar halayyar ɗan'adam ce, aikina ke nan, don haka bari na ɗan yi bayani. Ba zan iya yanke wa ƙanenki hukunci daga nan ba tunda ban gan shi ba, amma abin da kika lissafa ya yi kama da PTSD ɗin sosai. Alamun kashi huɗu ne. Abin da ya faru yana dawo wa mutum ba da sonsa ba, a mafarki ko ido biyu. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, kamar hayaƙin nan. Tunaninsa game da kansa da mutane ya canza, ya riƙa ganin laifin kansa ko ya daina yarda da kowa. Sai kuma zaman ɗar-ɗar, jiki kullum a shirye kamar yanzu za a faɗo. Mutane da yawa na yin haka a makonnin farko bayan bala'i, kuma yawancin mutane yana lafa musu da kansa. In ya wuce wata guda yana hana mutum sana'a da zaman iyali, shi ne ake kira ciwo. Wata tara kuma ya isa a nemi magani, Malam Abu Sumayya.

Maganar intanet gaskiya ce, kuma ba yau aka fara ba. Wajen shekarar 2000 wani farfesa a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan, Alfred Lange, ya fito da tsarin da suka kira Interapy. Ba bidiyo ba ne ma, rubutu ne zalla. Mutum zai yi rubutu sau 10 cikin mako 5, sau biyu a mako, kowane zama minti 45, ya tura wa ƙwararre, shi kuma ya karanta ya ba shi amsa da umarnin rubutu na gaba. Huɗun farko, zai rubuta abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, me ya gani, me ya ji, wane wari ya shaƙa, me ya zo masa a rai. Huɗu na gaba, zai rubuta wasiƙa ga wani aboki da ya ƙaddara a ransa cewa irin wannan abin ya same shi, yana ba shi baki. Biyun ƙarshe wasiƙar bankwana ce da lamarin, wadda ba dole sai an aika ta ba.

Abu Sumayya:
Dakta, da girmamawa, wannan ai fama miki ne. Mutum na neman ya manta, ku ce ya zauna ya rubuta warin wurin?

Dakta Bilki:
Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma tana kan hanya. To amma duba, wata tara yana ƙoƙarin mantawa, ya manta? Gudun shi ne ke riƙe ciwon. Duk lokacin da ya tsere wa hayaƙi yana samun sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara tabbatarwa cewa hayaƙi haɗari ne, gobe tsoron ya fi na yau. Abin da ya faru a dajin bai zauna masa a matsayin labari mai farko da ƙarshe ba, gutsattsari ne, ƙara nan, wari can, kuma kowane gutsure in ya taso yana zuwa ne kamar yau. In ya bi labarin daki-daki, sau da yawa, yana zaune a wurin da ya san babu abin da zai same shi, a hankali sai jiki ya koyi cewa wannan ya wuce. Ba na ɓoye maka, makon farko da na biyu wasu mafarkin ƙaruwa yake yi. Shi ya sa dole a sami ƙwararre a ɗaya ɓangaren, ba mutum ya zauna shi kaɗai da takarda ba.

Hausawi a Alƙahira:
Bari na sa baki, don ni na yi. Mu Hausawan Sudan ne, kakanninmu suka zauna can a hanyar Hajji. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 muka fito ta Wadi Halfa zuwa Masar. Abin da na gani a wani shingen masu bindiga ba zan faɗa a nan ba. Na yi wata bakwai ba na iya shiga motar haya in ta cika, sai na ji numfashi na ɗaukewa.

Na yi irin wannan maganin na rubutu da Larabci. Wadda ke amsa mini ban taɓa ganin fuskarta ba, kuma ku yarda da ni, wannan shi ya sa na iya faɗa. Akwai abin da namiji ba zai iya furtawa yana kallon idon mutum ba. Rubutun farko na yi shi ƙarfe biyun dare a kicin, layi shida na rubuta na rufe wayar, hannuna na rawa, na je na yi amai. Da safe na ga amsarta. Ba ta yabe ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi na tsallake daga lokacin da aka sauke mu zuwa lokacin da motar ta tashi, me ya faru a tsakani? Na ji haushinta kwana biyu. Sannan na rubuta.

Amma abin da ya kwance ni wasiƙar abokin nan ce. Ni abin da ke cin raina shi ne na tsaya ina kallo ban yi komai ba. Da na zo rubuta wa wani, sai na ga hannuna ya rubuta: da ka motsa da sun harbe ka, 'ya'yanka uku na cikin motar. Na daɗe ina kallon layin. Shekara guda ban taɓa faɗa wa kaina haka ba.

Ban ce na koma kamar da ba. Har yanzu kujerar bakin ƙofa nake nema a mota. Amma ina barci.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Yaya, ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara maka lafiya. Shi ma namu na san akwai abin da bai faɗa ba, don su bakwai aka kama, biyar suka dawo, kuma bai taɓa ambatar sauran biyun ba.

Dakta Bilki:
Yallaɓai na gode da ka faɗi wannan. Na Larabcin yana da tarihi. Wata cibiya a Balin ta Jamus da ke kula da waɗanda aka azabtar ce ta mayar da tsarin Holan ɗin Larabci, suka sa masa suna Ilajnafsy. Christine Knaevelsrud da abokan aikinta suka gwada shi a kan mutum 159 a Iraƙi, aka buga sakamakon a 2015. Abin da ya sa nake yawan kawo wannan binciken shi ne, mutanen ba a zaman lafiya suke ba, bama-bamai na tashi a garuruwansu lokacin da suke rubutun, masu amsa musu kuma wasu na wata ƙasa. Duk da haka waɗanda suka yi maganin sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka sa a layin jira, da tazara mai yawa. Da can ana cewa ba a fara irin wannan magani sai haɗari ya gushe gaba ɗaya. To mu in za mu jira haka, sai yaushe?

Malam Abu Sumayya, wannan naka ne: ba kwafe na Turawan suka yi kai tsaye ba. Inda mara lafiya ya nuna riƙo da addini, masu maganin na kawo masa ayoyi da misalai daga Alƙur'ani cikin amsarsu.

Abu Sumayya:
To wannan da sauƙi. Ni tsorona a raba mutum da tawakkali, a ce masa komai ƙwaƙwalwa ce. Amma dai Annabi (SAW) ya ce a yi magani, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara. Annabi Yaƙub ma sai da idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Na janye rabin maganata. Rabin na riƙe, don har yanzu ban ga wanda zai yi wannan da Hausa ba.

Anti Nas Kadif:
Ku gafarce ni na makara, yanzu na sauka daga aikin dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kadif ta yankin Wales, kuma a jami'ar garin nan aka yi babban gwajin da ɗiyarku ke nufi ina jin. Farfesa Jonathan Bisson ne ya jagoranta, aka buga a 2022, mutum 196. An raba su biyu, rabi suka riƙa zuwa gaban mai magani har zama 12, rabi suka bi wani shiri na intanet mai suna Spring mai mataki 8, da ɗan ganawa da mai magani jefi-jefi. Bayan mako 16 aka tarar na intanet ɗin bai gaza ba, ga shi lokacin ƙwararren da ya ci kaɗan ne in aka kwatanta.

Amma Hajiya ki lura da waɗanda aka ɗauka. Masu ciwon da bai yi tsanani ba ne ko matsakaici, kuma daga abu guda ɗaya, kamar haɗarin mota ko fashi sau ɗaya. Kwana 43 a daji ba abu guda ba ne, kowace safiya da nata. Ƙa'idar da ake bi a nan tun 2018 ma ta ce ana ba da na kwamfuta ne ga wanda alamunsa ba su yi tsanani ba, wanda ba a jin tsoron zai cutar da kansa ko wani. Kada ɗiyarku ta turo muku manhaja ku ce an gama.

Sarkin Zolaya:
Ni dai a ba ni aikin, ina da data ina da haƙurin sauraro, dubu biyar kowane zama

Admin:
Malam ba wurin wasa ba ne nan. Gargaɗi na farko.

Ummu Yasir:
Wasa yake yi amma ya taɓo gaskiya. Ni an ci kuɗina. Bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 na kasa jin ƙarar ruwan sama, sai na ga wata a Instagram ta rubuta ƙwararriya ce kan warkar da raunin zuciya. Na biya zama huɗu. Zaman farko ta ce in yafe wa kaina, na biyu ta turo mini hotuna masu rubutun ƙarfafa gwiwa, na uku ta fara tallar man shafawa. Ban je na huɗun ba.

Sannan akwai abin da maza ba za su tuna ba. Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Tawa yara na wasa da ita, maigida na ɗauka ya duba, ƙanwata na ara. Mace ta rubuta abin da aka yi mata a daji, ya zauna a wayar da kowa ke buɗewa? Aure na iya mutuwa a kan layi ɗaya. Ko shi ƙanen naki, a ina zai zauna minti 45 babu wanda ya ɗaga labule?

Dakta Bilki:
Ummu Yasir kin faɗi abin da ya fi damuna a aikin nan. Kuma ba 'yan Instagram kaɗai ba. A Amurka a 2023 hukumar kare masu saye ta sa kamfanin BetterHelp, wanda yake babba ne a wannan harka, ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman magani ga irin su Facebook don talla. Mu ma muna da dokar kare bayanai ta 2023, amma doka ba za ta hana yaro buɗe WhatsApp ba. Ni abin da nake sa nawa su yi: a sa wa manhajar makulli daban, a kunna saƙon da ke gogewa da kansa, kada a rubuta sunan kowa.

Wanda za ku ba amana kuma ku tambaye shi abu uku ba kunya. Me ya karanta, a ina yake aiki ido da ido? Wane tsari zai bi, zama nawa? Sannan in dare ya yi mutum ya rikice, wa za a kira? Wanda ya san aikinsa zai ce miki zama 8 zuwa 12 ne galibi, kuma zai gaya miki tun farko cewa za a taɓo ainihin abin da ya faru. Wanda ya ce zai cire damuwa a zama ɗaya, ki riƙe kuɗinki.

Ɗan Gusau:
Dakta ba ki amsa tawa ba. Kuma ƙari a kai, mutanen da abin nan ya fi shafa manoma ne da matan ƙauye. Wa zai rubuta shafi biyu da boko? Mahaifiyata saƙon murya kawai ta iya.

Dakta Bilki:
Afuwan. Na rubutu ya fi jure matsalar sabis, don ba sai kun haɗu lokaci guda ba, ka rubuta ka ajiye, sabis ya zo ya tafi. Amma in aka datse na watanni, magani ya tsaya, babu wata dabara. Kuma gaskiyarka, tsarin nan an gina shi ne don masu karatu. Ga irin su Mama akwai wani da Jamusawa uku na Jami'ar Konstanz suka tsara don 'yan gudun hijira, aka gwada shi da 'yan Sudan a sansani a Uganda, aka buga a 2004. Igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora dutse a kowane bala'i, fure a kowane abin farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da baki, mai maganin ne ke rubutawa. An nuna ana iya koya wa mutanen gari su yi shi, ba sai likita ba. A ganina wannan ya fi dacewa da ƙauyukanmu fiye da kowace manhaja. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma kullum ficewa suke. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da Barnawa da Maiduguri ba za su iya ɗaukar kowa ba.

Anti Nas Kadif:
Abu ɗaya na manta. Maman Hanifa, yana shan wani abu don barci?

Maman Hanifa:
Eh Anti. Wani mai kemis ke ba shi diyazefam, da guda ɗaya yake sha, yanzu biyu. Kuma matarsa ta ce shekaranjiya ya ce da ma shi aka bari a can.

Anti Nas Kadif:
To tsaya nan. Waɗannan biyun sun canza maganar. Irin wannan ƙwayar ba ta maganin ciwon, jiki kuma na sabawa da ita, ga shi har ya ninka. Amma kada ku ƙwace ta rana ɗaya, yanke ta farat ɗaya na iya kawo jijjiga, likita ne zai rage masa a hankali. Akwai magungunan da ake bayarwa don wannan ciwon, irin su satralin, su ma sai likita ya rubuta. Maganar da ya yi wa matarsa kuma ba a barinta ta kwana. Wani da yake jin nauyinsa ya zauna da shi yau ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In akwai maganin ƙwari ko makami a gidan a kawar.

Dakta Bilki:
Na goyi bayan Anti ɗari bisa ɗari. Ko a Holan da Iraƙi, sai an tantance mutum kafin a karɓe shi, kuma mai irin wannan tunanin ba a sa shi a na rubutu, ana tura shi wurin likita ne. Don haka tsarin a wurinku shi ne ganin likita ido da ido tukuna. In sunan asibitin ƙwaƙwalwa ne ke korarsa, asibitocin koyarwa na da sashen a cikinsu, ƙofa ɗaya ake shiga da mai ciwon suga. Ku ce masa likitan barci za a gani, ba ƙarya kuka yi ba. Bayan an daidaita wannan, sauran zaman ana iya yinsu ta bidiyo ko kiran waya. Hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta gwada haka da sojojinta da ke nesa da asibiti, sakamakon bai gaza na zuwa ofis ba.

Hausawi a Alƙahira:
Hajiya in zai yarda, ki nuna masa abin da na rubuta. Kada ki ce masa komai, ki miƙa masa wayar kawai.

Maman Hanifa:
Salam 'yan uwa, na dawo bayan kwana tara. Daren ranar mijina ya zauna da shi a zaure ya yi masa tambayar da Anti ta ce. Ya ce tunanin na zuwa amma bai shirya komai ba, yaransa yake tunawa. Mun kwashe fiya-fiyan da ke sito. Na miƙa masa wayar kamar yadda Yaya na Alƙahira ya ce, ya karanta sau biyu, ya tsaya a wurin 'ya'ya uku a mota, ya miƙo mini ya ce wannan mutumin ya san abin. Bai ƙara ko kalma ba.

Litinin mun je asibitin koyarwa. An canza masa magani, an tsara yadda za a rage ƙwayar, kuma an haɗa shi da wani mai irin aikin Dakta Bilki, Bahaushe ne. Zama biyu na farko a ofis, sauran ta waya don garinmu da nisa. Ya ce shi ba zai iya dogon rubutu ba, mutumin ya ce ba komai, da baki za su yi, a naɗi muryarsa ya riƙa saurare tsakanin zama da zama. Ummu Yasir, maganar labule ma mun samo mafita. Duk Alhamis bayan la'asar mijina zai ba shi makullin mota, ya ja ta ƙarƙashin darbejiyar bayan gida ya ɗaga gilashi.

Ɗan Gusau:
Allah ya sa a dace. Ku dai cika masa caji, ku sa layi biyu a wayar.